Akwatin da Ya Riƙe Mata Wuri a Jidda

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka canja takardun kuɗi ba, wadda mutane suka riƙa wuni a ƙofar banki su koma gida hannu wofi. Kowa da abin da yake tuna ta da shi. Ni a shekarar ce na shiga ajin yaƙi da jahilci a Boɗinga, furfura ta riga ta cika mini gemu, kuma a shekarar ce na maƙalar da matata a filin jirgin Alƙahira.

Sana'ata albasa. Ina saye a gona in kai kasuwa, wani lokaci har Ƙonni, can ƙetaren iyaka. Bayan la'asar kuma in tafi firamare, mu zauna kan bencin yara, gwiwoyinmu na dukan tebur. Da na fara haɗa haruffa sai kaina ya kumbura. (Har mai keke nakan tsayar a hanya don in ƙarasa karanta allon kanti.)

Matata Rakiya ta daɗe tana adashi don zuwa umara. Da lokaci ya yi aka tsara tafiyar. Za ta bi ayarin mata daga Sakkwato, ta yi ibadarta, ta sayo wa 'yarmu Hafsatu kayan aure. Daga nan ta ƙetara Masar wurin ƙanenta Bashiru da ke karatu a Alƙahira, don ta yi musu barka, matarsa ta haihu. Sannan ta koma Jidda ta haɗu da ayarin, su dawo jirgi ɗaya ana saura 'yan kwanaki a ɗaura aure. Na ce ni zan tsaya kan takardu. Wa ya fi ni cancanta a gidan?

A ofishin masu shirya tafiya a Sakkwato, wani mutum mai farin tabarau ya miƙo mini takardar biza ya ce, "Malam, bizar Saudiyya shiga ɗaya ta. Ranar da ta hita zuwa Masar, bizar ta mutu. In za ta koma Jidda sai an nemi wata. Ko kuma a yanka mata tikiti daga Alƙahira zuwa gida kai tsaye."

Na ɗora yatsa kan kwanan wata, na karanta a hankali, da ƙarfi, yadda sauran mutanen ofishin za su ji. Na ce, "Mi za ya kashe ta? Ga shi an rubuta wata ukku."

"Wata ukku in tana ciki."

"To in ta hita, watannin ba su tahiya?"

"Suna tahiya, amma bizar ta ƙare."

"Ta ƙare, kuma saura wata biyu da rabi?"

Ya sake bayani, na gyaɗa kai. Ya ƙara, na ƙara gyaɗawa. Duk gyaɗawar da na yi sai in ƙara ɓacewa. Ni mutum ne mai haƙuri, ban yi masa gardama ba. Na ce zan yi shawara, na naɗe takardar na fito.

A cikin bas, muna dab da Boɗinga, sai abin ya faɗo mini. A kasuwarmu, in ka yanki tikiti da safe ka sauke buhunanka, kana iya zuwa masallaci, ka je gida ka sha fura, ka dawo, ba wanda zai ce ka sake yanka. Kayanka sun riƙe maka wuri. A Ƙonni ma na sha barin albasa in ƙetaro Illela in kwana in koma. Wanda ya bar kayansa ai bai tafi ba. Ashe abin da mai tabarau bai so ya gaya mini ke nan!

Na isa gida na ce wa Rakiya, in za ta Masar ta bar babban akwatin, wato na kayan Hafsatu, a wurin wata 'yar garinsu da ke zaune a Jidda.

Ta ce, "Malam, ka tabbata?"

Na ce, "Da idona na karanta takardar." (Gaskiya na faɗa. Abin da aka gaya mini da baki ne ban kawo mata ba.)

Ta yi umara lafiya. Ta bar akwati, ta tafi Masar da 'yar jakar hannu.

Ranar da za ta koma Jidda, muna Shagari a zauren yayanta, Yaya Garba tela, ana shirin biki. Kawunnan ango biyu suna wurin. Babban cikinsu ya tambaya ko uwar amarya za ta iso kan lokaci, don ya ji ana cewa fita da komawa Saudiyya sai da sabuwar biza. Na gyara zama. Na yi musu bayanin tikitin kasuwa, na yi na akwati, har na ƙara da cewa amfanin karatu ke nan, ba a cutarka a ofis. Tsohon ya ce, "Allah shi ƙara basira."

Sai waya ta yi ƙara, Rakiya ce. Na danna wurin da ke sa kowa ya ji, don su ji da kunnensu.

"Malam, sun hana ni shiga jirgi."

"Mi sunka ce?"

"Wai bizata ta mutu."

"Kin gaya musu akwatinki na Jidda?"

"Na gaya musu. Mutumin ya ce Allah shi tsare akwatin."

Na ce ta ba ni shi. (Har yau ban san abin da na zaci zan ce wa Balaraben Masar ba.) Aka miƙa masa. Na yi sallama, ya amsa. Larabcina ya ƙare. Sai na ɗaga murya na rarraba masa Hausa dalla-dalla: "Akwati. Jidda. Babba. Ba ta hita ba." Ya yi wata doguwar magana, na ce "Na'am." Ya ƙara, na ce "Na'am." Na dubi mutanen zaure na ce, "Ya fara ganewa."

Sai muryar Bashiru ta fito. "Yaya, cewa ya yi ku yi haƙuri, akwai mutane a layi. Don Allah wa ya ce muku akwati na riƙe biza? Masu ofishin ba su gaya muku shiga ɗaya ta ba?"

Yaya Garba ya ajiye almakashinsa ya dube ni.

"Sun gaya maka?"

Na ce, "Sun taɓa maganar."

"Malam, Saudiyya kasuwar Boɗinga ta?"

Ƙaramin kawun ango ya soma tari, irin tarin da ke girgiza kafaɗa. Babban ya sunkuyar da kai yana ta gyara hular da ba ta karkace ba. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai na ji bakina ya ce, "Amma saura wata biyu." Nan tarin ya fashe ya koma dariya sosai.

Sabuwar biza ba ta samu kafin ayari ya tashi ba. Na sayar da bijimin da nake kiwo, aka yanka mata tikiti daga Alƙahira, sai dai ba a sami kujera ba sai bayan biki. An ɗaura auren Hafsatu uwarta na kallo ta waya. An kai ta ɗaki da labule da darduma na aro daga wurin gwaggonta. Yarinyar ta yi kuka fiye da na amare.

Da Rakiya ta dawo ba ta ɗaga mini murya ba. Ta zauna ta sha ruwa, ta ce, "Malam, in ka koma ajin naku, ka tambaya ko akwai na koyon saurare."

Ina nan ina zuwa aji, yanzu har wannan na iya rubutawa. Har yau ban gane yadda wata uku ke mutuwa cikin mako biyu ba. Na dai gane cewa in mai abu ya maimaita maka magana har sau uku, ba karatunka yake son ji ba.

Abin da na rasa: bijimi ɗaya, tikitin Jidda zuwa gida da ba a hau ba, tikitin Alƙahira zuwa Jidda shi ma haka, kayan amarya da ba su iso ba sai da amarya ta kusa haihuwa, da ranar auren 'yar fari wadda ba zan iya mayar wa uwarta ba.