Rasuwar Ɗan Kandi, Injin Feshin Malam Namadi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Namadi mai fenti na bakin kasuwar Bagudo yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na gida da na Ka'oje da Lafagu har tsallaken iyaka, rasuwar injin feshinsa, wanda aka fi sani da Ɗan Kandi. Ya cika ranar Talata da hantsi yana tsakiyar aiki, saura kwana goma sha ɗaya ƙasa ta karɓi mulkin kanta. Malam bai ce kashe shi aka yi ba tukuna. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa a hannun masu gyaran hanya a Kandi ta ƙasar Dahomi. Da suka yar da shi, Malam Namadi ya kwance shi gunduwa-gunduwa, ya ɗoro shi bisa jaki biyu, ya haɗa shi da hannunsa. Shekara bakwai ke nan. Bai taɓa ƙin tashi ba. A ja igiya sau ɗaya, sai ka ji tuf-tuf-tuf, in tankinsa ya cika da iska kuma ya yi fuuus, kamar dattijon da ya gama cin tuwo. Akwatunan ƙarfe, kekuna, jikin motocin da ke kwaso shinkafar Ka'oje, duk sun ga alherinsa.

Ciwonsa ɗaya ne tun asali: ruwa. Iskar bakin kogin Kwara jiƙaƙƙiya ce, balle da damina. In inji ya matse ta sai ta yi zufa a cikinsa, zufar ta bi tiyo ta fito ta bakin bindigar feshi, fenti ya yi ƙuraje kamar mai ƙyanda. Wadda ta rage a tanki kuma tsatsa take haifarwa. An ce Turawa suna da wata kwalba ta maganin wannan a Kwatano. Malam bai je Kwatano ba. Bututun tagulla ya ciro daga matacciyar mota, ya naɗe shi kamar gammo, ya nutsa shi cikin randar ruwan sanyi. Randar tana bayan katanga, gindin ceɗiyar bakin hanya, don babu inuwar da ta kai ta sanyi. Iska ta shiga da zafinta, ta huce, ta zubar da ruwanta cikin wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai famfo a cikin gida, sannan ta wuce tanki a bushe. Kowace safiya a tsiyaye gwangwani, kowace Juma'a a cika randa. Shekara shida ba ko tari.

Bana da farkon damina jinya ta fara. Gwangwani ya daina tara ruwa, bindiga ta fara tofi. Duk Juma'ar da Malam ya buɗe randa sai ya tarar da ita ƙaf. Ya tuhumi Jummai mai ginin tukwane, ita kuwa ta ce, “Malam, randata ba ta yoyo. Sai dai in aljanun fenti ke sha.” Sau biyu yana sake randa. Ya cusa gawayi da auduga a hanyar iska, ya rataye tiyo a rana, ciwo sai gaba yake yi.

A cikin wannan hali aka ba Malam aikin da bai taɓa samun irinsa ba: babbar ƙofar katako da aka kafa a bakin kasuwa don bikin mulkin kai, a shafe ta kore da fari. Marigayin ya tashi da ƙyar. Ya feshe ginshiƙi ɗaya. Daga nan muryarsa ta sauya, ƙur-ƙur, ƙur-ƙur, sai ɗam! Gindin tanki ya ɓalle, jan ruwa ya malalo kamar an kifar da tukunyar zoɓo. Ashe tsatsa ta daɗe tana cinsa ta ciki.

Bayan an rufe gawar da buhu, Malam ya zagaya bayan ceɗiya, ɓangaren da ke kallon hanya, inda ƙafarsa ba ta saba zuwa ba. Me zai gani? Moɗa, rataye a ƙusa, har da igiyarta. To, wane ne bai sani ba a ƙasar nan, randa a bakin hanya da moɗa a kusa, sadaka ce? Masu tallan nono sun sha. Fataken Dahomi sun sha, sun cika gora. Har an fara cewa ruwan Malam yana maganin ciki saboda ƙarfen da ke cikinsa. Wata huɗu mutane suna tare shi a hanya suna cewa, “Allah shi saka, Malam,” shi kuwa yana zaton kyan fenti suke yabawa.

Malam Namadi ba mai zargi ba ne. Yana dai so jama'a su lura da abin da ya lura. A duk gundumar nan mutum ɗaya ne ke fenti da burushi, shi ne Ango, mijin ɗiyar yayarsa Goggo Barira. Ango ya nemi aikin ƙofa bai samu ba. Kuma Ango ne ya fara zuwa gaisuwa, tun jan ruwan bai bushe a ƙasa ba, ya durƙusa yana cewa, “Kawu, sannu da haƙuri.” Wa ya gaya masa? Ya ce ƙarar ya ji. Malam ya dube shi kawai, Ango ya sunkuyar da kai. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Gaskiya ne Goggo Barira ta shigo zaure a gaban mutane ta ce, “Kai Namadi, bar hararar yaron mutane, ni na sa moɗar nan. Randa bakin hanya ba moɗa, a ƙofar gidan ubanmu? Ƙarfe shi sha, ɗan Adam shi wuce da ƙishi? Ba da raina ba.”

Malam ya ji. Amma ya je ya auna ƙusar, ta fi Goggo tsawo da kamu guda.

“Yaya, wa ya buga miki ƙusa?”

“Wani.”

“Wane wani?”

“Mai tsawo,” in ji ta, ta ja zanenta ta fita.

Marigayin ya bar bindigar feshi ɗaya, da tiyo mai faci tara, da randa wadda yanzu ta fi ƙarfin mai ita, da ƙofar mulkin kai mai ginshiƙi ɗaya kore, sauran katako tsirara. Wakilin hakimi ya zo ta'aziyya, ya yi addu'a mai kyau, da zai tashi ya ce ƙofa dai a gan ta kore da fari kafin jajibiri, ko hannun wane ne. Malam kuwa ya rabar da burusansa tun shekarar da Ɗan Kandi ya shigo gida. In aikin nan ya suɓuce, da wane ido zai zauna a bakin kasuwa?

Ga yadda aka tsara. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, saboda haka za a kai gawar maƙera ranar Alhamis bayan la'asar, ban da bututun tagulla, wanda za a ajiye don shaida. Ana karɓar gaisuwa a zaure. Duk wanda ya taɓa shan ruwan randar nan ya zo ya faɗa da bakinsa, an yafe masa, suna kawai ake so.

Ango kuma, ana sanar da shi ya zo bakin kasuwa ranar Juma'a da sassafe, da burusansa duka biyu, a ƙarasa fentin ƙofa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kada ya ɗauka an wanke shi. Tsani ɗaya ne, shi zai hau, Malam Namadi ne zai riƙe masa daga ƙasa, kuma yana da tambayoyi.