Sarkin Noman Bokiti

Shekarar da albasa ta yi tsada har mai tebur yana raba guda ɗaya gida huɗu, na rantse ni da sayen albasa har abada. Gidan haya nake, tsakar gida duk siminti. Sai na bi bokitan Ladidi matata, har da bahon wankinta da gwangwanayen madara, na huda musu gindi da ƙusa, na cika da ƙasa da taki, na dasa. Ita dai ta koma aron bokiti a maƙwabta. A majalisa kuwa kullum albasata ƙara girma take a bakina, daga ƙwan zabo ta kai lemo, daga lemo ta kai kan jariri, har suka naɗa ni Sarkin Noman Bokiti, shayina kyauta. A gida fa, lawashi ne 'yan tsirai-tsirai, kan da na tona a ɓoye gyaɗa ta fi shi.

Rannan Tanimu, ɗan kawuna abokin wasana, wanda bakinsa ya fi gidan rediyo nisan zango, ya ce majalisa ta wakilta shi gobe ya zo ya gani da idonsa. Na ga sarauta za ta tafi, shayi ya bi ta. Da sassafe na zaga kasuwa na sayo manya-manya, na bi bokitai ina binnewa, ina soka lawashina a kai.

Tanimu ya zo ya tsuguna. Yana jan ganye, ganye ya biyo shi shi kaɗai. Ya sa hannu ya tono wata ƙatuwa, jawur, sai sheƙi take.

Ya ce, "Ikon Allah! Ranka ya daɗe, taka a bushe take fitowa? Ko saiwa babu!"

Na gyara hula na ce, "Irin zamani ne, yaro. Tun a ƙasa take aske kanta."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana salati, har ya iso kan wani gwangwanin madara, ya zaro wasu 'yan ƙanana guda biyu.

"To waɗannan fa, Sarki, me ya tsumbure su?"

Na ce, "Ƙarancin taki ne."

Sai Ladidi daga madafi, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "A'a Malam, kar ka ɗauki alhakin taki. Waɗannan ai gyara ce mai albasa ya yi maka."