Jinin da na ɗaure da rawanina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya kusa cinye sunan da na yi shekara arba'in ina ginawa. Ni wanzami ne a Malanville. Kaciya, ƙaho, cire beli, duk hannuna ya yi. Kuma na sha bugun ƙirji a kasuwa cewa da ganin launin jini ina sanin inda ya fito. (Allah ya yafe mini wannan baki.)

Ran nan ina dawowa daga askin suna a Garou, na biyo bakin gulbi, sai na tarar da taro. Wani mutum ne kwance, ƙaurinsa a buɗe, jini har ƙasa. Wata mata ta durƙusa tana ɗiga masa wani abu daga kwalba, wani kuma yana ɗauka da kamara. Raina ya ɓaci.

Na ce wa matar, "Ke, kauce. Wa ya koya miki magani? Mutum na mutuwa kuna ɗaukar hoto."

"Baba, tsaya ka ji..."

"Ba abin da zan ji. Tun ba a haife ki ba nike ganin jini. Wanga na jijiya ne, dubi baƙinshi."

Na warware sabon rawanina na ɗaure cinyar tam. Mutumin ya ce, "Baba, sassauta, ƙafata ta mutu." Na juya ga jama'a na ce kun ji alamar. Sannan na kama bakin raunin in haɗe shi, sai raunin gaba ɗaya ya biyo hannuna kamar ɓawon ayaba. Ƙarƙashinsa fata ce lafiya lau, har da gashinta.

Matar ta ce, "Auduga ce da kullun rogo, Baba. Jinin kuma soɓorodo ne da zuma." Mai raunin ya dangwala ya lasa. Ashe 'yan fim ne daga Gaya, can tsallaken gulbi, suna nuna wanda dorina ta kama, kuma tun hantsi take gina wannan rauni.

Washegari na nemi masaukinsu na ba ta haƙuri. Ta ce kamarar ba ta tsaya ba, kuma suna da ɓangaren da suke nuna yadda aka haɗa fim, nan za su sa abin da na yi, amma in ina tsoron sana'ata za su goge. Da sunan nan nake ci. Duk da haka na ce kada su goge. Gaban jama'a na wulaƙanta ta, bai kamata kunyata ta ɓuya a ɗaki ba.

Masu zuwa ƙaho ba su guje ni ba, sai dai sun samu abin dariya. Ko jiya da na zubar da jinin ƙahon wani masunci sai da ya ce, "Wanzam, a saka suga ko ya ji?"

Yanzu in na ga jini, sai na sunsuna kafin in buɗe baki. Rawanin kuwa har yau ƙuda na binsa.