Rasuwar Azumi, Taraktar Gidan Idirisu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta ja da hukuncin Ubangiji, Malama Fatsuma, matar marigayi Idirisu mai niƙa, tare da 'yarta Khairiyya, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na unguwar New Bell, da duk inda wannan takarda ta kai, rasuwar ƙaramar taraktarsu, Azumi. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tsakar gidan da ta yi wa hidima shekara bakwai, bayan jinyar wata biyu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An tambayi liman ko ya halatta a faɗi haka a kan ƙarfe, ya ce ko fitila ce ta mutu wa mutum, ya faɗa.

Ba a san shekarun marigayiya ba, don ba ta zo da takardar haihuwa ba. An dai san baƙuwa ce daga ƙetare, ta yi ƙuruciyarta tana yankan ciyawa a harabar wata masana'anta a unguwar Bassa, Idirisu ne direbanta. Da ƙasa ta shiga matsi, abin da kowa ke kira la crise, aka rufe masana'antar, aka sallami ma'aikata rana guda. Idirisu ya tarar an yasar da taraktar a bayan sito tare da tarkace. Ya roƙa, aka ce ya ɗauke ta ya rage musu shara. Shi da abokansa huɗu suka turo ta tun daga Bassa har New Bell da azumi a bakinsu. Nan ta samo sunanta.

Fatsuma ba ta yi maraba da ita ba, kuma ta ce a rubuta hakan kada a ɓoye. Ta leƙo daga zaure ta ga abu duk tsatsa, taya ba iska, ta ce, "Malam, aiki ya tafi, ka kuma kawo mana ƙarin baki?"

Ya share gumi ya ce, "Wannan bakin shi zai ci da mu."

Babu gona a New Bell, babu ko fegin da za a juya garma. Amma arzikin Azumi ba a tayoyinta yake ba. A bayanta akwai wani guntun ƙarfe mai haƙora wanda inji ke juyawa, makanikai na kiransa prise de force, mutanen gidan kuma suka sa masa wutsiya. Duk abin da aka jona da wutsiyar nan, ƙarfin injin gaba ɗaya yake samu. Idirisu ya yi wata biyu a ƙarƙashinta har ta tashi, sannan ya haɗa wutsiyar da injin niƙa ta hanyar doguwar sandar ƙarfe. Da damina kuwa, idan kwata ta cika ta juyo cikin gidaje, sai ya cire injin niƙa ya jona na jan ruwa.

Waɗanda suka zauna da ita sun shaida halinta. Ba ta da yawan ci, ba ta da ƙorafi, ba ta san an ɗauke wuta ba. Tana tashi da tari uku, kof, kof, kof, sannan ta daidaita murya, tuk-tuk-tuk-tuk. Idan aka taka kuloci aka tura libar wutsiya sai ta ce ƙyas, sau ɗaya tak, daga nan injin niƙa ya amsa. Matan lungu ba sa duba agogo. Da sun ji ƙyas ɗin nan sai su ɗauko kwanonin masara.

Babban aikinta ta yi shi a shekarar villes mortes, lokacin da aka rufe gari, babu kasuwa, babu tasi, tayoyi na ci da wuta a manyan tituna. Wata Laraba da azahar Idirisu ya yanke jiki ya faɗi kusa da injin niƙa, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka nemi mota sama da ƙasa aka rasa. A cikin mazan lungun babu wanda ya san kan tarakta. Fatsuma ba ta taɓa tuƙi ba, ta dai yi shekara uku tana kallon ƙafar mijinta da hannunsa. Ta sa aka ɗaura amalanke, aka shimfiɗa katifa, aka kwantar da shi, ta hau. Samarin da ke tsare hanya suka ga mace a kan tarakta, mutum kwance a baya, suka janye tayoyin ba tare da sun tambaye ta komai ba. Azumi ta kai shi asibiti a giya ɗaya, ba ta mutu a hanya ba. Bayan kwana biyu ta dawo da shi a wannan amalanken, an lulluɓe shi.

Da Fatsuma ta fita takaba, dangin miji suka ce a sayar da taraktar, ba aikin mace ba ne. Ba ta yi musu gardama ba. Washegari da safe ta ɗauko kakin aikin marigayi ta sa, ta naɗe ƙafar wandon, don ya sha faɗa cewa wutsiya idan ta kama gefen zane ba ta saki sai ta haɗa da mai shi. Ta murza mabuɗi. Shekara huɗu ke nan tana murza shi. Da niƙan nan Khairiyya ta gama lycée, wato sakandare, har ta sami aikin buga takardu a wani ofis, kuma ita ta buga wannan.

Ciwon ajali ya fara ne a watan Agusta. An yi ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa, lungun ya cika har gwiwa. A gidan da ke kallon nasu, Kulsum tana cikin jego, an ɗora ta da jaririn a kan tebur, ruwa na lasar ƙafar teburin. Ɓoɓɓo, makanikin da ke duba Azumi a garejinsa na Deïdo, ya daɗe da gargaɗin Fatsuma cewa robar da ke toshe bakin wutsiya ta tsufa, kada a bari ruwa ya kai wurin. Ta tuna da gargaɗin sarai. Ta tsaya ta dubi taraktar, ta dubi ƙofar Kulsum, ta jona injin jan ruwa. Azumi ta yi yini biyu tsaye cikin ruwa, wutsiyarta a nutse, tana zuƙa tana watsarwa a babbar kwata, har ƙasa ta bayyana. Babu katangar da ta faɗi a lungun.

Bayan mako uku ƙyas ɗin ya ɓace. Aka tura liba, sai ta ce gar-gar-gar, kamar mai cizon haƙora cikin zazzaɓi. Fatsuma ta bi abin daki-daki yadda ta ga marigayi yana yi, ta fara da mai sauƙi. Ta kashe inji tukuna. Ta duba ko libar ce ta kwance, ta ɗaure ta. Ta duba sandar da ke kai ƙarfi ga injin niƙa, ta sa mata giris. Ta buɗe injin niƙan ko dutse ya shiga, babu. Sai ta kwance notin ƙasa don ta ga man giya. Abin da ya zubo fari ne kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa ya shiga. Ta zauna a kan turmi ta daɗe tana kallonsa.

Ɓoɓɓo ya zo ya zubar da gurɓataccen man, ya wanke cikin, ya canja robar. Ta sami sauƙi na kwana goma. Daga nan wutsiyar ta fara sanyin jiki. Ba kaya tana juyawa, da an zuba masara sai ta tsaya, inji na ta kuka, ƙauri na tashi. Ya ce kuloci ne ke zamewa, ya ɗaure shi iyakar ɗaurewa. Ya kuma ce akwai wani boris a can ciki da tsatsa ta kama, sai an sami sabo. Ya zaga kasuwar Camp Yabassi shago-shago. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa masu kayan gyara suka daina kawo irinsa. Wani ya ce a jira daga Legas, aka yi ta jira.

Akwai wani ƙaramin noti a jikin sandar, wanda aka yi shi da ƙarfe mai taushi da gangan, don idan abu ya cije shi ya karye, manyan haƙoran ciki su tsira. A makon ƙarshe notin nan ya karye sau uku a yini ɗaya. Ranar Litinin na ƙarshe cikin waɗanda ta tanada ya tafi. A tsakar gida kuwa ga buhu biyu na masarar wani biki an jiƙa, idan ta kwana biyu za ta yi tsami. Fatsuma ta buɗe gwangwanin marigayi ta sami wani noti baƙi mai tauri, irin na mota. Ta san bambancinsu. Ta ce a ranta yini ɗaya ne kawai.

Ranar Talata an niƙa buhu ɗaya da rabi. Sai Azumi ta yi wata ƙara da ba a taɓa ji daga gare ta ba, ƙau, kamar an fasa tukunyar ƙarfe. Wutsiya ta tsaya. Mai ya biyo ƙasa ya nufi bakin rijiya. Notin bai ko lanƙwashe ba.

Ɓoɓɓo ya shiga ƙarƙashinta, ya daɗe, ya fito yana goge hannu. Ya ce boris ɗin ya cije, haƙoran sun kakkarye, tukunyar giyar kanta ta tsage. "Adda Fatsuma, c'est fini, ta ƙare. Injin yana tashi, amma wutsiya ba za ta ƙara juyawa ba."

Ta ce, "Ni na kashe ta, Ɓoɓɓo. Na sa mata notin da ba ya karyewa."

Ya ce, "Mako guda kika rage mata, ko biyu. Tun ranar ruwan nan ta ba da ranta, kuma duk lungun nan sun san a kan me."

Har yanzu Fatsuma ba ta yarda ba, shi ya sa ta ce a buga maganar notin a takarda, ko wani zai tsira da tasa.

Marigayiya ta rasu ta bar injin niƙa guda, wanda yanzu ba shi da mai juya shi, da injin jan ruwa, da amalanke, da wata kaza da ta saba yin ƙwai a ƙarƙashinta. Ta bar matan lungu, waɗanda har jiya biyu daga cikinsu sun zo da kwanoni, sai a bakin zaure suka tuna. Ta bar ɗan Kulsum, wanda ya fara dariya. Ta bar Fatsuma, wadda ta ce ko ranar da aka binne Idirisu ba ta ji gidan ya yi shiru ba sai yanzu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar azahar. Babu wanka, babu salla, liman ya yi bayani. Za a zauna karɓar gaisuwa a zauren gidan daga safe, kuma an roƙi jama'a kada kowa ya kawo abinci, sai dai addu'a ga mai gidan da ya riga ta. Ɓoɓɓo ya toshe tsagar da sabulu da tsumma, ya ce idan aka cika mai za ta iya tafiya guda a hankali zuwa garejinsa a Deïdo, inda za a kwance ta a raba abin da ya rage ga masu bukata. Fatsuma ce za ta tuƙa. Masu rakiya su tsaya a bakin babban titi.

Ana kuma neman mutum ɗaya daga cikin 'yan'uwa, mai dakakkiyar zuciya, ya riga Fatsuma isa garejin ya jira. Ta ce tuƙin za ta iya har can. Kashe injin ne ba za ta iya ba.