Baƙin Malam Gwadabe

"...da gajiyar shara, amarya? Na ga tsakar gida har ƙyalli take yi, sai ka ce yau za a sake ɗaura miki aure."

Iya Maimuna ba ta ɗago daga kan murhu ba. "Lafiya lau, mijin da ba ya cefane. Da wa za a ɗaura? Da kai, da ko goron gaisuwa sai ka ci bashin baki?"

Aƙilu ya tsuguna gefenta yana dariya, amma ta lura wayarsa na hannu, yana duba ta kamar mai jiran sakamakon asibiti. Jikanta ne, ɗan babban ɗanta, malamin firamare a Karaye. Tun yana rarrafe take kiransa miji yana kiranta amarya, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da wani ya sha zagi ba.

Wata uku ke nan da shi da wasu abokansa suka haɗa wata ƙungiya ta waya. Masu zuwa kallon dam ɗin Challawa sukan iso da hantsi, su ɗauki hotuna, su watsar da ledoji a bakin ruwa, kafin la'asar sun kama hanyar Kano. Aƙilu ya ce ba sai an sare itatuwa an gina otal ba kafin baƙo ya kwana, tunda duk abin da yake buƙata yana nan a gidajen mutane a ajiye. Mai kwalekwale ya kawo kwalekwalensa, mai babur ya kawo baburinsa, mai ɗakin da ba kowa ya buɗe ɗakinsa, kowa ya samu rabonsa. Ɗakin da shi ya sa a wayar kuwa na kakansa ne, marigayi Malam Gwadabe, nan Kwanyawa, wanda ke rufe shekara huɗu.

Iya ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ta ƙi ba. Abin da ta ce kawai shi ne baƙinsa ne, ba nata ba. Sai dai yau tun da ta idar da sallar asuba take cikin ɗakin da tsintsiya, ta kakkaɓe buzun Malam, ta turara ko'ina.

"Karanta min ƙaryar da ka rubuta a kaina," in ji ta.

Ya gyara murya. Ɗakin ƙasa mai sanyi, fitilar sola, ruwan randa, tuwon dawar da aka noma a bayan gida. "Sai kuma tsohuwa 'yar shekara ɗari da goma, wadda da idonta ta ga ranar da aka haƙa kogin Challawa."

"Ai ni na riƙe wa masu haƙan fitila. Kai kuma a bakin kogin aka tsinto ka. Kwana uku kwaɗi na kuka a mayar musu da ɗansu."

"To in tuwon ya yi daɗi, baƙin za su ba ki taurari biyar."

"Su riƙe abinsu. Ina zan ajiye su, ɗakina yana yoyo?"

"In kuma bai yi ba, ɗaya za su ba ki, duk duniya ta gani."

Iya ta shiga tura itace cikin wuta. Abin da ke cin ta ke nan tun jiya. Katangar makewayi damina ta cinye mata gefe, ga tabarmin da aka yi wa faci. Ta san mutanen birni da ɗaukar hoto. Tana tsoron a ɗauki gidan Malam a watsa a waya, mutanen da ba su san darajarsa ba su yi ta dariya. Ga baƙin ma ba ta gane musu ba. Aƙilu ya ce mata wani Malam Bahauddeen ne da matarsa Dokta Zakiyya, daga Zariya, ita matar nazarin tsuntsaye take koyarwa. Suna da mota amma sun bar ta a gida, sun shiga ta wani ɗan kasuwa mai kujeru biyu da ba kowa, wanda zai biyo ta Rogo. Sun kuma aiko cewa kada a saya musu ruwan leda, kada a tayar musu da janareta. Iya ta ce mutumin da ke da halin kwana a otal ya zaɓi ɗakin ƙasa, ko dai kansa ba daidai ba, ko kuwa wani yake gudu. Aƙilu ya ce ai ita ma shekara sittin tana ɗakin ƙasa, ta faɗa masa wanne ne nata a ciki. Ta kai masa duka da muciya, ya goce.

Shi ma da nasa nauyin. Dagaci bai amince da shigowar baƙi cikin sauƙi ba, don zamani ya lalace, baƙuwar fuska ba ta shiga ƙauye a yi shiru. Sharaɗin da ya gindaya shi ne Aƙilu ya tsaya musu, ya kai su gabansa da katin shaidarsu kafin magariba. In aka samu matsala ko ɗaya, zancen ƙungiya ya ƙare a Kwanyawa.

Da azahar aka ce za su iso. Azahar ta yi ta wuce. Aƙilu ya kira, wayar a kashe. Ya kira ta matar, ita ma a kashe. Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Da aka kira la'asar ya je masallaci ya dawo, ya fita bakin hanya ya dawo, dagaci ya kira shi sau biyu yana tambaya. Daga nan ya zauna a kan turmi ya kafa wa ƙasa ido.

Iya ta gwada shi. Ta ce wataƙila baƙin sun ga hotonsa ne suka juya. Bai tanka ba. Ta ce ko dai aljanun dam ne suka yi masa saƙo suna wasa da hankalinsa. Ko murmushi bai yi ba. Nan gabanta ya faɗi, don tunda aka haifi yaron nan bai taɓa barin ta ta zage shi sau biyu a jere ba tare da ya rama ba. Ita ma ta san abin da hanya ta zama yanzu. Ta kuma san in wani abu ya sami mutanen nan, gidanta suka nufa, kuma wanda za a fara zuwa nema shi ne wannan da ke zaune a kan turminta.

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. "Miji, mutuwa ka yi? In ka mutu ka faɗa min in fara takaba."

"Iya," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "in wani abu ya same su, ni na kira su."

Ba ta tuna rabon da ya kira ta Iya ba. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa, tana addu'a a zuci.

Suna haka wayar ta yi ƙara, lambar da bai sani ba. Ya buɗe muryar wayar yadda ita ma za ta ji. Wani ne mai suna Sulle, mai unguwar wani ƙauye a yankin Gwangwan. Ya ce ga wasu mutum biyu a ƙofar gidansa. Motarsu ta kafe a wani kwari da ruwa ya cinye, direban ya tafi neman masu turi, su kuma suka shigo gari a ƙafa, wayoyinsu ba caji, matar na rataye da madubin hangen nesa tana leƙa bishiyoyi tana rubutu a littafi. Samari suka tare su. Da aka tambaye su inda za su, sai suka ce Malam Gwadabe na Kwanyawa ne ke jiransu, har saƙo ya turo musu da safiyar nan, ga ma lambarsa a rubuce a littafin.

"Ni kuwa," in ji mai unguwar, "da ni aka yi jana'izar Malam Gwadabe."

Iya ta juya ta dubi jikanta. Ashe da sunan kakansa ya buɗe shafin ɗakin, da shi kuma yake amsa saƙonni. Aƙilu ya shiga bayani, yana ta ambaton manhaja da ƙungiya da shafi, kuma duk kalmar da ya ƙara sai muryar mai unguwar ta ƙara tauri. Ana jin hayaniyar mutane a bayansa tana ƙaruwa. Ya ce shi dai ba zai iya riƙe jama'a ba, gara ya miƙa su hannun hukuma a Rogo, can su yi bayanin yadda mamaci ke aika saƙo.

Iya ta miƙa hannu. "Ba ni nan."

Ta karɓi wayar. Ta tambaye shi wane Sulle ne, ko Sullen Maijidda mai ƙuliƙuli. Ya ce shi ne. Ta ce to ita ce Maimuna ta gidan Malam Sadiƙ, wadda aka kawo aure Kwanyawa daga Gwangwan, kuma ranar sunansa ita ta daka gero. Nan take muryar mutumin ta sauko. Ya shiga gaisuwa, ya tambayi gida da jikoki da damina da ƙarfin jiki, ita kuma ta tambayi kowa na gidansu, rayayyu da waɗanda suka riga mu. Aƙilu na ta murza hannu yana nuna mata ta yi sauri, ba ta kula shi ba. Ta san in ta tsallake gaisuwa maganarta ba za ta yi nauyi ba.

Daga ƙarshe Sulle ya ce, "Gwaggo, kin san mutanen nan?"

Ba ta san su ba. In ta tsaya musu, duk abin da suka zo da shi a wuyanta yake, da sunan gidan ubanta a kai. Ta dubi Aƙilu, ta ga yadda gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ban taɓa ganinsu ba, Sulle, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma baƙina ne. Tuwonsu na kan wuta, ɗakin Malam da hannuna na share musu. Mamacin da ke aika saƙo kuwa ga shi nan a gabana, jikana ne, hankali ne Allah bai ba shi da yawa ba. Hukuncinsa ka bar min."

Suka ji dariya ta ƙwace wa mai unguwar, suka ji yana maimaita wa mutane, hayaniyar ta koma wata iri. Ya ce ta kwantar da hankalinta, yanzu za a ba su ruwa su sha, zai haɗa su da babura biyu da mutanensa har ƙofar gida.

Duk da haka Iya ba ta zauna ba. Yayyafi ya fara, ta yi ta kai da komo tsakanin murhu da zaure tana duban sama, tana lissafin ramukan da ke tsakanin Gwangwan da Kwanyawa. Sai da rana ta yi ja sannan ta ji ƙarar baburan. Aƙilu ya wuce da su wurin dagaci tukuna, sannan suka shigo, laka har gwiwa.

Dokta Zakiyya ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, mijin ya tsuguna daga bakin zaure. Ba wanda ya ɗaga kyamara, ba wanda ya kalli katanga. Matar ta yi mata godiya, ta yi mata ta'aziyyar Malam, ta ce mako biyu suna gaisawa da shi ta saƙon waya, har sun ji sun saba. Sai ta buɗe jaka ta fito da wata hula, aikin hannu, ta ce tsaraba ce suka sayo masa, yanzu ba su san yadda za su yi da ita ba.

Iya ta karɓa. Ta juya ta a hannu, ta shafa zaren. Sannan ta share ido da bakin mayafi ta yafito jikanta.

"Matso, Malam Gwadabe. Ga tsarabarka."

"Amarya, a gaban baƙi?"

"A gaban duk duniya ka ari sunan, a gaban mutum biyu za ka ji kunya? Sunkuyo."

Ya sunkuya, ta kifa masa. Hular ta zarce har ta rufe masa kunnuwa ta sauka a kan gira.

"Ka gani," in ji ta. "Sunan ka iya ɗauka. Kan kuwa sai ka ƙara shekara arba'in."

Baƙin suka tuntsire da dariya. Aƙilu ya ɗaga hannu biyu sama, hular na lilo a kansa, shi ma yana dariya har da hawaye.

"Na sallama. Yau kin ci ni. Yanzu zan goge, in sa Gidan Iya Maimuna."

"Ka sa. In ka gama ka ɗauko buta ka zuba wa baƙina ruwa, tuwo na hucewa."