Sarkin Biya na Bramley ta Tudu

A duk faɗin Bramley ta Tudu babu wanda ya kai Mista Leland Pruitt biyan harajin gida, kuma babu wanda bai san da haka ba, domin Mista Pruitt ba mutum ne mai ɓoye wa jama'a alheri ba. Wasu mazan hotunan jikoki suke ratayawa a falo, wasu kan barewar da suka harbo. Shi takardun haraji ya rataya, na shekara goma sha tara, kowace cikin firam mai ruwan zinariya, don baƙo ya ga yadda Allah ke ɗaukaka bawansa. Duk shekara ofishin gari kan fitar da jerin masu biya, sunansa ne a sama, kuma wannan saman shi ne abin da yake rayuwa dominsa. Mutane suna ce masa Sarkin Biya a bayan idonsa. Da labari ya kai kunnensa, sai ya sa aka buga sunan a jikin kofinsa na shan shayi.

Titin Alder ne ya raba Bramley ta Tudu da Bramley ta Gangare. A tsallaken titin, daidai saitin tagar Mista Pruitt, nan gidan Sal Benedetto mai gyaran famfo yake. Magini ɗaya ya gina gidajen biyu, a shekara ɗaya, ko ƙofar banɗaki ba ta bambanta ba. Sal na biyan dala dubu tara a shekara, Mista Pruitt dubu ashirin da huɗu. Da wani ne, da baƙin ciki ya kwantar da shi. Mista Pruitt kuwa tausayin Sal yake ji.

Shi ne shugaban majalisar gari, kuma ba a taɓa tashi taro bai yi bayanin dalilin wannan bambanci ba, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

"Jama'ar Tudu," in ji shi, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya a kan ƙirji, "ana cewa namu ya yi yawa. To, ai mu ma mun yi yawa. Mu ba ma haɗa komai da kowa. Ɗan sandanmu namu ne, motar kashe gobararmu tamu ce."

Gaskiya ya faɗa. Gari mai gida ɗari tara yana da 'yan sanda goma sha huɗu da shugabansu, alhali babban laifin da aka yi a bara shi ne satar kabewa biyu daga ƙofar coci. Akwai motar kashe gobara mai tsanin da ke kaiwa hawa goma, a garin da doka ta hana gina abin da ya wuce hawa biyu. Akwai makaranta mai yara tamanin, da shugaban makarantu, da mataimakansa biyu, da mai tsara wa mataimakan lokacin ganawa. Duk waɗannan bayin Allah albashi suke ci, kuma ba mai ciyar da su sai gidaje, don a Tudu ko wurin sayen burodi babu. Gangare kuwa cike take da kantuna da garejoji da masana'antar kwali, su ke ɗauke wa masu gidaje rabin nauyi. Mutanen Tudu can suke zuwa sayen burodin, suna toshe hanci.

An taɓa samun wani kamfani da ya nemi gina katafaren ɗakin ajiyar kaya a wata fadama da ke bakin Tudu, inda ko kwaɗi ba sa son zama. Harajin da zai biya ya isa ya riƙe 'yan sandan duka da tsanin gobara. Mista Pruitt ya miƙe ya yi awa biyu yana magana a kan martabar gari, har wakilin kamfanin ya nemi ruwan sha. Kamfanin ya matsa taku arba'in, ya gina abinsa a Gangare. Tun daga lokacin manyan motocinsa ta titin Alder suke bi, suna girgiza takardun da ke bangon falo. Harajin Sal ya sake sauka, ya sayi ɗan kwalekwale mai inji, ya rubuta masa suna da jan fenti, Na Gode Leland, ya ajiye shi a ƙofar gida yana kallon tsallake.

Ana nan sai shekarar sake kimanta gidaje ta zagayo. Kowa ya san yadda ake tarbar Misis Novak mai kimantawa. A bar ciyawa ta yi tsawo, a ajiye bokiti a tsakiyar ɗaki kamar rufi na yoyo, a ce ɗakin ƙarƙashin ƙasa ɓeraye sun cinye shi. Mista Pruitt shi kaɗai ya yi fenti, ya yi hayar fitilar lu'ulu'u ta kwana ɗaya, ya tari matar da kek. Matarsa Dolores, wadda ta yi shekara takwas tana roƙo a gyara rufi ana ce mata kuɗin sun tafi hidimar gari, ta ce masa su fa nasu rufin da gaske yake yoyo, ya bari matar ta gani. Sai ya jawo kabad ya rufe wurin.

Duk da haka, da jerin ya fito, wani likitan haƙori da ya tare bara ya haƙa wurin ninkaya shi ne a sama. Mista Pruitt na biyu, da ratar dala arba'in. Kwana uku bai taɓa kofinsa ba.

Ranar sauraren ƙorafi a ofishin gunduma mutum ɗari biyu suka yi layi, kowa da hoton tsagaggen bango, yana neman a rage masa. Da aka kira Mista Pruitt, ya gyara wuyan riga ya ce shi ƙari yake nema. Shugaban zaman ya cire tabarau ya tambaye shi ko ya zo da wani ɗan'uwa mai kula da shi.

"Yallaɓai, an ci mini mutunci," in ji Mista Pruitt. "An raina gidana, an raina filina. Filina ya fi abin da ke takardarku faɗi, na auna da ƙafata. Ban zo neman alfarma ba, haƙƙina na biya nake nema."

Aka ce ya kawo safiyo ya auna. Ya ɗauko wanda ya fi kowa tsada a jihar, kuma tun mutumin bai kafa ƙarfensa ba ya ba shi umarni a rubuce: duk abin da awo ya nuna a aika wa gunduma, da ofisoshin garuruwan biyu, da jarida, ba sai an tsaya nuna masa ba. Ya ce gaskiya ba ta bukatar izininsa.

Safiyo ya yi aikin kuɗinsa. Ya tono tsohuwar taswira, ya tono dutsen iyaka a ƙarƙashin furannin Dolores. Filin ya fi na takarda faɗi, a nan Mista Pruitt ya yi gaskiya. Sai dai ashe iyakar garuruwan ba titin Alder take bi ba, wani tsohon rafi take bi wanda aka binne cikin bututu tun kafin a haifi kowa. Rafin kuwa, da ya iso gidan Pruitt, sai ya yi kwana ya zagaya ta baya. Falo, kicin, ɗakin kwana, bangon takardu, duk a Gangare suke. Abin da ya rage masa a Tudu shi ne wani ɗan siririn wuri a bayan gida, taku uku, inda ake ajiye durom ɗin shara.

A jarida ya karanta, kamar kowa. Yana tsaye da ita a hannu Sal ya tsallako titi da farantin taliya da matarsa ta dafa.

"Sannu da zuwa, ɗan gari," in ji Sal. "Shara ranar Talata muke fitarwa. In kana son yawo a kwalekwale ka yi magana, ai da ma sunanka ne a jiki."

Dolores ce ta karɓi farantin, ta yi godiya har sau biyu. Ta riga ta buga wa mai gyaran rufi waya.

Amma Sarkin Biya ba a kayar da shi da taliya. Lauyan gari ya shaida masa cewa kujerar majalisa ta mazauna ce, kuma mazauni shi ne wanda yake kwana a cikin gari. Shi ke nan, ya ture durom ɗin shara gefe, ya kafa tanti a kan taku ukunsa, ya kafa tutar gari a bakinsa. Ƙafafunsa dai a Gangare suke kwana, don tantin bai ishe shi ba, amma ya ce kai ne mutum, kuma kansa a Tudu yake.

Kwana biyu ya yi. Da safiyar na uku, yana aske gemu yana duba fuskarsa a murfin durom, motocin 'yan sanda huɗu suka tsaya, don rabonsu da aiki tun kabewa. Shugabansu ya cire hula cikin ladabi ya karanta masa dokar da ta hana kowa kwana a tanti a cikin Bramley ta Tudu. Mista Pruitt ya san dokar ciki da waje. Shi ya rubuta ta, don kada marasa galihu su ɓata wa gari kyan gani, shi ya kuma ƙara sakin layin da ya ce tarar baƙo ninki biyu ce. Ninki biyun aka rubuta masa. Ya buɗe baki zai yi jawabi, wata babbar mota ta wuce, ba wanda ya ji abin da ya ce.

Likitan haƙori ya hau kujerar majalisa. An gyara rufi, kabad ya koma wurinsa. Amma kada a ce Tudu ba ta san girman manyanta ba, domin da sabon jeri ya fito sunan Mista Pruitt na ciki, saboda taku ukun nan. Yana can ƙarshe, ƙasa da falwayar kamfanin lantarki, da dala goma sha ɗaya.

Dolores mace ce mai kiyaye al'adar gida. Ta kai takardar aka sa mata firam mai ruwan zinariya, ta rataye ta kusa da 'yan'uwanta goma sha tara. Firam ɗin dala talatin ta saya, ta kuma manta ba ta ɓare farashin daga jikin gilashin ba.