Ƙoƙon Sarkin Ruwan Tungar Marke

Da sunan Wanda ya shimfiɗa gulabe ya zuba musu kifi. Bayan haka, wannan tarihin sadauki ne ɗan sadauki, Barmo ɗan Jatau ɗan Maikoma ɗan Nagulbi, Sarkin Ruwan Tungar Marke, ma'abocin gora da mashi, kada mai barcin hantsi, na Ladingo gagara tsaki, wanda kakansa na uku ya taɓa haɗa ido da dorina, yana can ƙololuwar bishiya.

Al'adar Tungar Marke ce tun kaka da kakanni, ba a buɗe su, wato kamun kifin shekara, ranar da gari duka ke faɗa wa gulbi da koma, sai Sarkin Ruwa ya ɗebi ƙoƙo guda ya shanye a gaban jama'a, shaidar ruwa lafiya yake. Shekara goma sha tara Barmo yana shan wannan ƙoƙo yana gyatsa irin ta manya. To a shekarar da muke magana, saura kwana uku a buɗe su, gulbi ya wayi gari kore shar kamar miyar kuka, ga kumfa, ga ɗoyi, ga ƙananan kifaye sun juya ciki sama. Barmo ya dubi ruwa, ya tuna ƙoƙo.

Nan take ya yanke hukunci cewa lalle akwai maƙiyi guda, azzalumi, ma'abocin bututu, da ya ɓoye can sama yana tsiyaya dafi. Ya ci ɗamara, ya saɓa mashin kifi, ya tara rundunarsa baki ɗaya, wato amininsa Cindo mai gyaran koma, da jaki ɗaya mai ɗingishi.

"Yau ko ni ko mai bututu!" in ji Barmo, har kwaɗi suka yi tsit.

Runduna ta yi azama ta bi gaɓa. Mu da muka san gulbin nan a da, wallahi abin ya ba mu tausayi. Inda a da kurmi ne da makiyaya, da gamba mai tsayin mutum wadda ke tare laka da ƙazanta kafin su kai ruwa, duk an share tas, gonakin rani sun jeru har bakin gaɓa. Ganuwa ta farko da aka yi wa ƙawanya ita ce gonar tumatir ɗin wata tsohuwa, Iya Tabawa.

"Fito da bututu!" Barmo ya daka tsawa.

"Wane bututu kuma, Sarki? Takin zamani ne mudu biyu, sai ɗan feshi. Ka ko karya kumallo?"

A gindin gonarta ga ɗan ruwa siriri, bai fi ɗan yatsa ba, yana silalewa cikin gulbi. Sadauki ya auna shi da ido, ya ga bai kai a yaƙe shi ba, ya karɓi tumatir huɗu a matsayin ganima. Haka aka ci gonar shinkafa da yaƙi, aka ci gidan kaji, aka ci sabuwar unguwa da kwatocinta, aka ci wurin wankin babura, ko'ina ɗan siririn ruwan nan ne, ko'ina kuma mai wurin na cewa nasa ai kaɗan ne. Cindo ya ƙirga siraran ruwan nan har arba'in da bakwai. Da takaici ya ishi Barmo sai ya soka wa ɗaya mashi, ruwan ya kewaye mashin ya wuce abinsa.

La'asar ɗin kwana na biyu, runduna na komowa ta ɗaya gaɓar a galabaice, sai ga wata gonar albasa an share ta har cikin ruwa, ko tsinken gamba babu, taki fari fat a kan kunya kamar an zubar da gishiri, ruwan da ke fita daga cikinta ya kai kaurin hannu.

"Ga maƙiyi!" Barmo ya yi kururuwa. "Wallahi tallahi mai gonar nan shi zai sha ƙoƙon bana!"

Cindo ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ai taka ce. Bara ka sa muka sare gambar."

Gaskiya ne. Sarkin Ruwa ta wajen hanyar mota kawai ya san gonarsa, bai taɓa ganinta ta wajen ruwa ba.

Ranar Asabar aka kaɗa ganguna, gari ya cika gaɓa, sadauki ɗan sadauki ya ɗaga ƙoƙo sama, ya rufe ido, ya cika rantsuwarsa har ɗigon ƙarshe. Jama'a suka faɗa ruwa da guɗa, suka fito da tarwaɗa bakwai da takalmin roba wari guda. Barmo bai ga wannan nasara ba, don a lokacin ya riga ya kai hari mafi sauri a tarihin zuriyarsa, ya ci bayan gida da yaƙi, ya kafa sansani a ciki kwana uku.

Rana ta uku matarsa Ladingo ta tsaya a bayan zana ta ce, "Sarki, a kawo ruwa?"

Can wata 'yar murya ta ce, "Na rijiya. A tafasa."